Inna Mai Makulli, matar da take ɓoye wa baƙi ashana

Kafin a buɗe ƙofar asibitinmu da safe, Inna Mai Makulli ta riga ta isa gidan baƙi da ke bayansa. Tun daga kwanar layi za ka ji ta, don tarin makullan da take ɗaurewa a bakin zani ba sa yin shiru. Da tankin ruwa take farawa, ta ƙwanƙwasa shi da bayan hannu ta ji inda ruwan ya tsaya. Sai ta share tsakar gida, ta duba ragar tagogi ko sauro ya sami hanya, ta ɗaga tukunyar gas ta jijjiga. Bayan nan ne za ta tsaya a ƙofar ɗakin baƙo ta gaishe shi da ƙarfi, ta jira sai ya amsa da harshenmu. In ya amsa da nasa, to za ta sake gaisuwar daga farko. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye makullan ta huta.

Gidan nan shi ne masaukin 'yan sa-kai da ke zuwa mana daga ƙetare, likitoci da ma'aikatan jinya da masu gyaran injuna, mutanen da suka baro ƙasashensu don su taimake mu ba don albashi ba. A takarda, aikin Inna shara da wanki ne kawai. Ni da nake ɗakin kati na asibitin na ga abin da takarda ba ta faɗa ba, kuma zan faɗe shi ko da asirina ne zai tonu.

Shekara shida da suka wuce aka turo mana likitar ido za ta yi shekara guda. Mun daɗe muna jiran irinta. Masu yanar ido da na rubuta da hannuna sun haura ɗari, na goma sha ɗayansu mahaifina ne, wanda ya shekara huɗu bai ga ko tafin hannunsa ba. Kayan tiyata kuwa sai bayan mako shida za su iso. Wato dai in likitar nan ba ta zauna ba, Baba zai ci gaba da lalube.

Aka yi rashin sa'a ta zo Inna ba ta nan, ta tafi wajen 'yarta da ta haihu. Sai muka ce mu za mu kula da baƙuwa, kuma ni na fi kowa zaƙewa. Na hana maƙwabta leƙa gidan kada su dame ta. Na sa direba ya riƙa kai ta asibiti, tafiyar da ba ta kai taku ɗari biyu ba. A kai mata abinci a rufe, a cika mata bokiti, a yo mata cefane, ko tsinke ba ta ɗagawa. In ta tashi aiki sai ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, mu kuma muna ta yabon kanmu da iya karɓar baƙi. Kullum sai ƙara ramewa take. Muka ce zafi ne, muka ƙaro fanka. Muka ce ɗauke wuta ne, muka kawo janareta. A mako na uku ta shaida wa shugaban asibiti cewa ƙarshen wata za ta koma gida, ta ce ba ta iya zaman nan ba. Ranar na kasa kallon fuskar Baba.

Kwana biyu da haka Inna ta dawo. Ta shiga gidan baƙi, ta ga jaka a ɗaure, ta fito kai tsaye zuwa ɗakin kati.

"Ɗana, wa ya ce a kulle 'yar mutane?"

Na ce, "Inna, ba kulle ba ne, girmamawa ce."

"To wa ta sani a layin nan?"

Kafin in buɗe baki ta ɗora.

"Wa ta taɓa roƙa wani abu? Wa ya taɓa roƙonta? Kun mai da ta baƙuwa, baƙo kuwa raɓa ne. Ka janye direbanka da kwanukanka, ka bar min ita kwana goma, kuma ka kama bakinka."

Washegari likita ta tashi za ta dafa shayi, babu ashana. Tana cikin aljihun Inna. Da ta tambaya, Inna ta buɗe hannuwa ta ce ita ma ba ta da ita, amma ga gidan matar kafinta nan a maƙwabta. Ta koya mata kalma huɗu, ta tura ta. Matar kafinta kuwa Allah ya yi ta da surutu. Ta miƙa wa likita jaririnta ta riƙe kafin ta nemo ashanar, ta zaunar da ita, ta tambaye ta uwa da uba tana kwatance da hannu da ka, ba su rabu ba sai da shayin ya fita daga ran mai shi. Kwana na biyu gishiri ne ya ɓata. Na uku tsintsiya. Na huɗu tukunyar girki ta yi ƙafa, sai aro. Na biyar Inna ta murɗe kan tanki ta ce ruwa ya ƙare.

Ina tahowa aiki na hango likitar da duk asibiti ke jira a layin famfo, da bokiti, cikin silifas. Na tsorata, na kuma yi fushi, na je na sami Inna a bakin ƙofa ina huci.

"Inna, da idon mahaifina kike wasa. Matar da ke neman dalilin tafiya, ke kuma kin ba ta bokiti?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Bar duban bokitin, dubi fuskarta."

Na duba. Rabin ruwan ya zube mata a jiki, mata uku sun kewaye ta, kowacce na gyara mata riƙo tana cewa nata ne daidai, ita kuma tana dariya har da riƙe ciki. Mako huɗu muna tare, ranar na fara ganin haƙoranta.

Daga nan abin ya fi ƙarfin Inna ma. Matar kafinta ta fara zuwa aron kujera. Wata ta kawo ɗanta a duba masa ido, ta zauna hira har la'asar. Mai kayan miya ya tsuga wa likita tsada sau ɗaya, Inna ta mayar da ita ita kaɗai ta je ta yi ciniki, ta dawo tana haki kamar wadda ta ci kokawa. Amma jakar tana nan a ɗaure, kuma ba wanda ya yi mata maganar tafiya. Ni dai kwanakin nan abinci ba ya min daɗi.

Ranar da aka sa, direba ya tsaya a ƙofa da safe zai kai likita filin jirgi. Ina tsaye a gefe. Ta fito hannu rabbana, ta dubi direba, ta haɗa 'yan kalmomin da ta koya ta ce, "Ba tafiya. Tukunyar maƙwabciya tana wurina, ban mayar ba." Direba ya kwashe da dariya. Ni kuwa na juya na shige ɗakin kati, don ban so a ga ƙaton mutum yana hawaye.

Shekara guda aka turo ta, biyu ta yi. Ta gama da sunayen da na rubuta, ta buɗe sabon shafi, ta horar da ma'aikatanmu biyu da har yau suke riƙe da sashen ido. Daga baya ta gano inda ashanarta ta shiga, kuma duk wanda zai zo bayanta takan rubuta masa cewa in abu ya ɓata a gidan, kada ya wahalar da kansa da nema.

Wannan guda ɗaya ce cikin baƙi talatin da wani abu. Direba ya ba ni labarin wani mai gyaran injuna da zazzaɓi ya kayar, Inna ta kwana uku tana masa fifita, ya warke ta yi masa faɗa kan rashin sauke gidan sauro. Ma'aikatan jinya sun ga yadda ta ja wata baƙuwa gefe ranar da baƙuwar ta daka wa wani dattijo tsawa a layi, ta raka ta har gidansa ta ba shi haƙuri. Ba ta bari mu cuce su, ba ta kuma bari su raina mu.

Inna, uwar wanda ya yi nisa da uwarsa. Ke ce kika gane cewa mutum ba ya zama a gari don an sanyaya masa ɗaki, sai in akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa da kuma masu ƙwanƙwasa tasa. Ba ki taɓa riƙe allura ba, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, hotunan da ke bangon ofis babu naki. Amma mu da muke wurin mun san wa ya riƙe mana likitocin nan.

Ku da baƙi ke zuwa yi muku aiki, a asibiti ne ko makaranta ko gona, ku yi koyi da ita. Kada ku jera su a kabad kamar kwanon ado. Ku bar su su buƙace ku, ku ma ku buƙace su.

Mun gode, Inna, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanki su sami mai riƙe su duk inda suka sauka. Jiya na karanta wa Baba wannan rubutu, ya karɓi takardar ya ce ai shi ma yana da ido. Ya ce ranar walimar sallamarki da ƙafarsa zai zo, ba mai riƙe masa hannu. Kuma ya ce in gaya miki, shekarun da yake jin muryarki daga cikin duhu ya zaci wata ƙatuwar mata ce, sai da aka cire masa bandeji ya ga ashe ko kafaɗarsa ba ki kai ba.