Amaryar da Ta Ba Hamsin Baya

Duk wanda ya taɓa bin layin masu rini a garin Mahalla ya san Fawkiyya mai kayan tsami, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. A ƙofar gida take zama, tsakanin manyan kwalaben lemo da kokwamba da barkono da ta tsuma a ruwan gishiri, kuma ba ta sallamar mai saye sai ta gaya masa laifinsa. Mijinta Shahhat mai guga ne, siriri, shiru-shiru. In ka ce masa ina kwana sai ya waiwaya ya ga ko matarsa ta riga ta amsa masa.

Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi yawon asibiti har suka gaji, suka zauna suna kallon juna har furfura ta fara leƙowa. Rannan Fawkiyya ta yafa mayafi ta ce za ta gidan marayu ta ɗauko jariri. Bayan an sha zirga-zirgar hukuma sai ga ta da zankaɗa-zankaɗan 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, Nagat da Ibtisam.

Matar mai nama ta leƙo ta taga ta ce, "Fawkiyya, ina jaririn? Waɗannan ai su za su goya ki!"

"Bayana ba ya son wankin tsumma," in ji ta. "Ke ki ji da naki da ya fara gemu bai daina kuka ba."

Gaskiyar maganar ita ce, ta tarar kowa ya yi layi a ɗakin jarirai, manyan kuwa suna zaune a baranda, ko kai ba su ɗaga ba, don sun san ba su aka zo gani ba. Aka gaya mata da zarar sun girma za a buɗe musu ƙofa a ce Allah ya ba da sa'a. Shi ke nan ƙafarta ta ƙi shiga ɗakin jarirai.

Zaman farko sai da aka yi haƙuri. Nagat takan ɓoye burodi ƙarƙashin matashi, Ibtisam kuwa ta kusa cinye jarin gidan, kwalba ba ta kwana a rufe. Shahhat, da yake 'yan matan sun girma kuma ba jininsa ba ne, ya tsiri yin tari a ƙofar gidansa kafin ya shiga, har mutanen layi suka riƙa kawo masa magani. Sun yi watanni suna kiran Fawkiyya "Abla", kamar yadda suke kiran ma'aikatan gidan marayu. Sai wata safiya madara ta tafaso, Nagat ta ƙwala ihu, "Mama, tukunya!" Fawkiyya ta bar madarar ta zube ƙaf. Ranar kyauta ta raba kokwamba, ko zagi ba wanda ya samu. Tun daga nan ta zama Ummu Nagat.

Ana nan Nagat ta gama sakandare, ta samu gurbi a makarantar koyon jinya a Mansura. Aka yi guɗa, aka sha lemo, sannan aka zauna aka ga kuɗin makaranta da na ɗakin kwana sun fi ƙarfin kokwamba da dutsen guga. In ba a biya kafin a buɗe makaranta ba, gurbin ya tafi. Nagat ta ce a bari kawai, masaƙa na ɗaukar 'yan mata, za ta je.

Matan layi suka kawo shawara a ɗauki hotonta a waya, a yaɗa, a ce ga marainiya na neman taimako. Nagat, wadda ba ta cika magana ba, ta miƙe tsaye.

"Kowace shekara ana tsayar da mu a ba mu alewa a ɗauke mu hoto. Na gaji, Mama. Gara masaƙa."

Fawkiyya ta kwana biyu ba ta zagi kowa ba, har aka fara tambayar ko lafiya. A garinmu in mutum ya shiga matsi yakan kafa rumfa, ya kira makaɗa da sanƙira, ya yi biki, jama'a su zo su yi liƙi, ba wanda ya roƙi wani. Sai dai biki dole a ga amarya a kan kujera, Nagat kuwa ta rantse ba za ta hau ba.

Fawkiyya ta sami mijinta yana guga ta ce, "Shahhat, aure za ka yi."

Ya ɗago a hankali. "Da izininki?"

"Da ni, sakarai. Lokacin da ka kawo ni gidan nan a amalanken jaki da katifa ɗaya, wa ya kaɗa min ko gwangwani?"

"Hajiya, ki ji tsoron Allah. Da wannan sanƙon zan zauna gaban mutane?"

"To ka raka 'yarka masaƙa."

Da yamma aka gan shi yana goge tsohon kwat ɗinsa.

Rigar amaryar da aka karɓo haya ta ƙi rufuwa ta baya, sai da Ibtisam ta yanki labulen falo ta yi mata ƙari. Ranar biki bayan la'asar aka tare layi da rumfa, makaɗa suka fara, amarya ta fito ta cika kujerarta da rabin ta ango. Amma kujerun baƙi wayam. Mutane duk sun hau baranda suna kallo suna dariya, kowa na jiran wani ya fara sauka. Nagat ta kulle kanta a ɗaki. Fawkiyya ta dubi kujerun, ta ji gumi yana bin hodar fuskarta, ta tuna ko kuɗin rumfar ba a biya ba.

Sai ta fizge makirufo daga hannun sanƙira.

"Hagg Mitwalli mai nama! Na gan ka bayan labule. Ni na yi rawa a bikin 'ya'yanka har ƙafata ta kumbura, sauko! Ummu Tarik, ke da kika ce angona ba zai zo ba, ga shi, zo ki taɓa shi ki ji da ransa. Usta Gaber direba, ka sauko ko in gaya wa matarka wanda yake cinye mata lemon tsami a hanya!"

Layin ya ɓarke da dariya. Hagg Mitwalli ya sauko yana gyara rawani, ya ɗaga takardar kuɗi sama ya ce, "Wannan na ango ne, ladan haƙuri!" Daga nan kamar an buɗe famfo. Masu rini suka zo da hannuwansu shuɗɗa, 'yan matan masaƙa suka haɗa nasu a ƙulle cikin hankici, malamin lissafin Nagat ya yi rawar da har yau matarsa ba ta yafe masa ba.

Sanƙira ya ji daɗi ya fara zuba, "Jama'a, duk wannan alheri saboda baiwar Allah marai..." Fawkiyya ta take masa ƙafa da takalmin amarya.

"'Yata," ta ce. "Ka ce 'yar Fawkiyya za ta karatu."

Ya faɗa yana ɗingishi. Can sai ga Nagat ta fito da kayan gida, ta ratsa mutane, ta ɗaura gyale a ƙugu ta kama hannun amarya. Shahhat ya juya baya wai hayaƙin turare ne ya shigar masa ido.

Abin da aka tara ya biya makaranta, har da ragowar akwati da farin takalmi. Ranar tafiya Fawkiyya ta cusa mata kwalbar barkono a jaka, ta bi motar tana faɗa, "In kin koyi allura ki fara da babanki!"

Ba a yi wata ba sai ga shugabar gidan marayu ta zo shan shayi, ta ce akwai wasu 'yan matan da suka ci jarrabawa, kuma ta ji labarin bikin. Fawkiyya ta juya ta kalli mijinta.

"A'a," in ji Shahhat. "Wallahi a'a. Duk shekara za a riƙa aurar da ni?"

Ibtisam ta ce, "Baba, ni ma fa baɗi zan gama."

Ya ajiye kofin shayinsa, ya ce a dai samo kujera mai faɗi.