Shekarun da Illo Ta Yi Shuɗi

Namadi mai hoto na bakin kasuwar Illo yana gab da rasa idonsa na hagu, kuma da saninsa. Likitoci sun ce aiki ne mai sauƙi, shi kuwa ya ce a bar masa abinsa. Ni Ɗanliti tela, shagona manne yake da nasa, na yi masa faɗa har bakina ya gaji, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto, da kwamfuta ta zo kuma ya koyi gyara. Yana da ƙa'ida ɗaya da ta sa 'yan mata ba sa ga-maciji da shi: ba ya ƙara wa kowa hasken fata. Idan rana ta ƙone goshi sai ya rage haske, idan inuwar hula ta cinye ido sai ya ɗago shi, idan fuska ta fito dishi-dishi sai ya ƙara kaifi tsakanin haske da duhu. Amma launin da Allah ya ba ka, da shi za ka bar shagonsa. Da ya gama gyara kuma yake goge hoton asali, wai kyamara maƙaryaciya ce, shi ba ya ajiye ƙarya a na'urarsa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa idanu a hankali bai sani ba, irin wadda ke sa mutum ya ga komai ya yi ruwan ɗorawa. Namadi ya dubi allon kwamfuta ya ga kowa ya yi rawaya, ya ce kyamarorin zamani sun lalace. Maganin rawaya a sana'arsa shi ne a ja launi zuwa shuɗi, sai ya riƙa ja har fuska ta koma yadda ya san ta a ransa. Bana kaɗan, baɗi da ɗan dama. Kafin a ankara, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya fito kamar an tsamo shi daga marina.

Za ka ce ai mutane za su yi magana. Sun yi mana. Muhsin, wani manomin shinkafa daga Kaoje, ya dawo da hoton aurensa yana ƙorafi, Namadi ya kara hoton a gefen fuskarsa ya ce to ai haka kake, in ba ka yarda ba ka tambayi mahaifiyarka. Mutumin da aka sani da ƙin ƙarya, wa zai musa masa? Muhsin ya koma gida yana duba bayan hannunsa a hanya. Daga nan abu ya zama yayi. Mutanen ƙasar Benin suka riƙa tsallako iyaka takanas ranar kasuwa don a yi musu hoton Illo, suna cewa salon Legas ne, mu kuma muna cewa daga Kwatano aka kawo shi. Wani mai hoto a Bagudo ya kwaikwaya, aka ce nasa shuɗin bai nuna ba. Ni ma nawa yana nan rataye saman kekena.

Matarsa Jummai 'yar masunta ce, ba ta son hoto ko kaɗan. Ta zauna da mai hoto har ta yi furfura, sau ɗaya tak ta yarda ya ɗauke ta, shi ma don ya dame ta. A tsakar gida ne, jikin katangar laka, da baƙin mayafi. Ya gyara, ya goge na asali kamar kullum, ya wanke babba ya rataye a shago. Da ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ta lafiya, ta ce ba komai, ya yi kyau. Daminar da ta biyo baya ta rasu bayan gajeriyar jinya. Mutuwar nan ta taɓa ni ƙwarai, balle shi da ya yi wata bai buɗe shago ba.

Bayan haka wasu likitocin ido suka zo Bagudo aikin kyauta, 'ya'yansa suka kai shi. Aka yi masa na dama, aka ce na hagu sai sun dawo. Ranar da aka cire bandeji ya shiga shagonsa ya tsaya cak. Alhazai shuɗaye, amare shuɗaye, jarirai shuɗaye a cinyar iyaye shuɗaye. Ya leƙo wurina ya ce, "Ɗanliti, wa yat taɓa min hotuna?"

Na ce, "Kai ne, shekara da shekaru."

"Kuma kunka yi shuru?"

"Mun hwaɗi, kac ce haka muke."

Kunya ta kama shi, ya yi shelar zai gyara wa kowa kyauta. Ba wanda ya zo. Muhsin ya aiko cewa matarsa ta riga ta saba. Mutanen Benin kuwa da aka ba su launinsu na gaskiya suka fusata, suka ce irin wannan ai akwai shi a gida.

Hoton Jummai kaɗai ya hana shi sakat. A ƙa'idar aikin, idan akwai farin abu a hoto da shi ake auna sauran launuka, nan kuwa babu: laka, baƙin mayafi, sai fuska. Ya ja zuwa rawaya ta zama kamar mai ciwon shawara, ya rage ta zama wata baƙuwa. Ya kira yayarta Barira daga Kaoje, ta zo da mata cike da shago. Wannan ta ce wankan tarwaɗa ce, waccan ta ce ta yi duhu tun da ta fara turara shinkafa. Aka jera dangi suna kara hannuwansu a jikin allo. Barira ta dage cewa hancin ma ba na ƙanwarta ba ne, alhali ba wanda ya taɓa hanci. Aka watse ba a daidaita ba.

Da suka tafi ya sa hannu yana murza idon dama don gajiya, sai na hagu mai yana ya faɗa kan hoton bango. Ta cikin yanar babu shuɗi. Jummai ce sak da launinta, yadda ya san ta. Na leƙa na same shi tsaye da hannu a kan ido ɗaya, na koma kan ɗinkina.

Tun daga nan da dama yake wa mutane aiki, da hagu yake duban matarsa. Likitocin sun dawo, 'ya'yansa suka zo da babur, ya ƙi hawa. Aka aiko masa cewa yanar za ta yi ta kauri har idon ya daina ganin komai. Raina ya ɓaci, na ce masa ko ya yarda ko bai yarda ba Jummai ɗin ma ɓacewa za ta yi, ya rasa ido a banza.

Ya ce, "Na sani, kullum tana ƙara nisa. Amma in anka wanke wanga ido, yau za ta tahi. Ka bar min ita ta tahi sannu."