Shinkafar da 'Yan Benci Suka Kawo

Ina yanka albasa aka zo aka faɗa mini. Maigadin gidan da ke kallon namu ne ya zo har ƙofar kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takalmi ya tsaya.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi. "Motar da ƙaninka ya fita da ita ce. Taya ta fashe a hanyar Katsina."

Na ce, "Wane asibiti aka kai shi?"

Ya ce, "Sai haƙuri."

Na yi salati. Na kashe gas, na wanke hannu, na je na faɗa wa Hajiya cewa abincin rana zai makara. Ita ce ta tambaye ni dalili, sannan na ji maganar ta fito daga bakina.

Ni kuku ne a wani gida a Nassarawa, na daɗe a gidan. Ƙanina direba ne a gida na uku daga namu, ni na samo masa aikin. Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta haifa maza, ni na fari, shi na ƙarshe. Auta take kiransa, duk ƙauyenmu ma haka. Ni kuwa ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata in tana magana da ni, kamar yadda iyayenmu suke yi wa ɗan fari. In tana da saƙo gare ni, ta bakin Auta yake zuwa. Haka muka taso, ban taɓa ganin laifin hakan ba.

Aikin direba yawancinsa jira ne. Alhajin da yake wa tuƙi yana zuwa buga tenis da yamma a wani kulob, shi kuma ya ajiye mota ya jingina da wayar shingen filin yana kallo. Da farko dariya yake yi, wai manyan mutane da gajeren wando suna bin ƙwallo kamar lemon tsami. Daga baya ya daina dariya. Ya koyi yadda ake ƙirga wasan, ya koma kallon na Turawa a wayarsa. Akwai wani benci a gindin dalbejiya a layinmu, inda direbobi da masu gadi suke zama. Wasunsu suna buga cacar wasanni a waya. Sun gaji da ƙwallon ƙafa tana cinye su, sai suka ji akwai wani wasa da mutum biyu ne kawai a fili, ko wannan ya ci ko wancan. Suka ce wannan da sauƙi. Suka ga Auta ne kaɗai a layin ya san inda ake tsayawa a filin, sai suka mai da shi mai hasashe.

Ba zan ce gwani ba ne. Na sha jin ana zaginsa a bencin nan. Hanyarsa ita ce ya dubi yadda ɗan wasa yake goge fuska da tawul. In ya goge a natse, zai ci. In ya jefar da tawul ɗin, an gama da shi. Yana kuma tsoron bahago, wai da wuya a ci shi. Wata rana na fito zubar da shara na ji direban gidan likita yana ce masa, "Kai, malamin tawul! Mutumin naka ya goge fuska har ta yi ƙyalli, an kuma lallasa shi." Auta ya ce, "Ai bayan na yi magana ya sauya tawul." Aka yi dariya, gobe kuma suka dawo suna tambayarsa.

Shi da kansa ya ce mini bai taɓa sa ko sisi ba. Na yi masa faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Yaya, ni baki kawai nake sawa. In an tambaye ka ko za a yi ruwa ka ce za a yi, kai ka jiƙa mutum?" Na ce masa wannan ba amsa ba ce. Ya ɗauki soyayyen dankali a farantin da zan kai ciki ya fita.

An kawo shi bayan la'asar, aka yi masa sutura, muka kai shi kafin magariba. Alhajinmu ya ce a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a karɓi gaisuwa a nan, mata kuma su zauna a ɗakunanmu na baya. Washegari aka ɗauko Inna daga ƙauye. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta zauna a tabarma a ƙofar ɗakina tana jan carbi, matata tana gefenta. Tun da babu Auta, sai saƙonta ya koma zuwa ta bakin matata, ko da ina tsaye a wurin.

A rana ta biyu, da hantsi, wani mai kura ya tsaya a ƙofar gida da buhun shinkafa, babba, da galan na man gyaɗa. Mutum uku suna biye da shi: direban gidan likita, da wani mai wanki da guga daga Giginyu, da wani akawu na wata makaranta da ke bayan layinmu, Kirista ne daga wajen Zariya, mutum mai natsuwa, kullum rigarsa a soke. Duk 'yan benci ne. Suka yi gaisuwa, suka ce a shigar da kayan ciki, gudummawarsu ce ta sadakar uku. Kafin in ce wani abu mai kura ya wuce da buhun ta ƙaramar ƙofa, ya dire shi a gaban Inna.

Na ji muryarta daga waje tana tambayar matata su wane ne. Matata ta ce abokan Auta ne. Inna ta ce a shigo da su. Suka shiga suka durƙusa. Akawun ya ce, "Mama, ɗanki mutumin kirki ne. Kullum muka zo wurinsa ba ya korar mu. Ya taimake mu ƙwarai." Inna ta daɗe tana sa musu albarka. A nan ne ta yi kuka.

Da suka fito na ja su gefe, bayan motar Alhaji. Na tambaye su kuɗin shinkafar daga ina.

Direban gidan likita ya dubi mai guga, mai guga ya dubi ƙasa. Akawun ne ya amsa, don shi ba ya iya kwana-kwana. Ya ce da safen ranar, kafin Auta ya ɗauki hanya, sun tare shi yana goge gilashin mota. Akwai wasan wata bahaguwa da wata wadda kowa ya ce ita za ta ci. Auta ya ce su bi bahaguwar. Suka bi. Aka buga wasan da yamma, lokacin muna maƙabarta. Bahaguwar ta ci.

"Ba mu ma duba ba sai jiya da daddare," in ji shi. "Da muka gani, muka ce wannan ba namu ba ne. Nasa ne. Babu wanda zai iya cin sa."

Na ce, "To, kun san kuɗin caca ne."

Direban ya ce, "Ba duka ba, Malam. Bai kai kuɗin buhu ba, sai da muka cika daga aljihu. Rabin buhun nan halas ne, wallahi."

Na ce, "Wane rabin?"

Ya shiga tunani, kamar zai iya tunowa.

Mai guga ya ce, "Man gyaɗan dai ni na saya, da kuɗin guga." Na ce na gode da man gyaɗa.

Ban yi fushi da su ba. Na ga idanunsu. Tun da aka fara zaman, su ne suke ɗebo ruwan alwala, su ne suke naɗe tabarmi. Akawun ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga nesa da takalminsa a hannu. Amma sadakar mamaci ba abincin biki ba ce. Ana yin ta ne don ladan ya isa gare shi a inda yake kwance. In ina da abin da zan aika wa ƙanina yanzu, wannan ne kawai ya rage, kuma ni ne zan ɗora tukunyar da hannuna.

Sadakar uku ba ta ba ni wahala ba. Hajiya ta riga ta fitar da shinkafa daga sito, na ce a fara da ita tun da an buɗe. Inna ta ce wa matata, "Faɗa masa ta abokan Auta a ajiye ta sai arba'in. Kada a taɓa. Ita nake so a dafa ranar." Na ce to. Na ɗauki buhun na kai sito na jingina shi a bayan ƙofa, nesa da kayan gida.

Bayan sati na sami limamin masallacin layinmu bayan azahar. Na ce masa wani ne ya aiko ni da tambaya, na ba shi labarin ba tare da na ce tenis ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ka ce wa wanda ya aiko ka Allah Ya jiƙan ƙaninsa." Ya ce abin da aka samo ta caca ba a yin sadaka da shi a nemi lada. Ko a mayar wa masu shi, ko a ba mabuƙata don a rabu da shi kawai, ba da sunan mamaci ba. Na tambaye shi shi kuma wanda baki kawai ya sa fa. Ya ce a yawaita yi masa addu'a. Ban sake tambaya ba.

Na gwada mayarwa. Na sami akawun a bakin makarantarsu lokacin tashi, na yi masa bayani a hankali yadda ba zai ji ciwo ba. Ya ji ciwon duk da haka. Ya ce, "Oga, in kai shi ina? In dafa wa yarana? Mama ta sa mana albarka a kan buhun nan. Ka je ka ce mata ta janye, sai in zo in ɗauka." Ya gyara jakarsa ya ce, "Ni fa tun ranar ban sake bugawa ba. Ba don wa'azi ba. Babu wanda zan tambaya ne."

Bayarwa ma na yi niyya. Akwai wata tsohuwa a Tudun Murtala mai riƙon marayu, na san gidan. Na yi magana da mai kura, ya zo, na buɗe sito, sai na ce masa ya dawo wani lokaci. Inna tana ƙauye a lokacin, ba za ta gani ba. Amma ta ce kada a taɓa, kuma a rayuwata abubuwan da ta nema a wurina ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Duk lokacin da ta kira wayar matata sai ta tambayi buhun, sannan ta tambayi yara. Ta ce tana sa mutanen nan uku a addu'a bayan kowace salla. Ta ce ashe Auta yana da jama'a a birni, ashe taimakon mutane yake yi bai taɓa faɗa mata ba. Ta tambayi matata wane irin taimako ne. Matata ta ce shawara yake ba su. Inna ta ce tun yana ƙarami haka yake.

Ta dawo ana gobe arba'in. Na riga na haɗa wata shinkafar, kwano-kwano, wani daga albashina, wani Hajiya ta ƙara ba tare da ta tambaye ni komai ba. Na juye a manyan robobi tun kafin Inna ta iso, na kulle sito. Da asuba muka ɗora tukwane a bayan gida. Na yi dafa-duka da man mai guga. Aka yi addu'a, aka ci, aka rarraba a layi har gidajen Gawuna. 'Yan benci sun zo, sun ci. Direban gidan likita ya ɗaga loma ya dube ta, ya dube ni. Ya san shinkafarsu 'yar waje ce, wannan kuwa 'yar gida.

Da yamma ina kankare tukunya Inna ta fito ta tsaya a bayana. Matata ta tafi kai kwanuka, babu kowa a wurin. Na ci gaba da kankara. Sai ta yi magana, da ni kai tsaye.

"Ita ce aka dafa?"

Na ce, "An dafa shinkafa, Inna. Kowa ya samu."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ta isa gare shi ke nan." Ta koma ɗaki.

Na san abin da ta ɗauka, na kuma bar ta a kai. Na yi ta juya yadda zan faɗa mata. Dole sai na fara da bayanin wasan, da fili, da raga, da mutanen da ke wata ƙasa ba su san da mu ba. Sai in yi bayanin yadda mutum zai zauna a gindin dalbejiya a Kano ya sa kuɗi a kansu. Sannan in zo kan Auta, in ce shi baki kawai yake sawa, in ga ko ita za ta karɓi amsar da ni ban karɓa ba. Ban saba doguwar magana da ita ba. Wanda ya iya ba ya nan.

Bencin yana nan, an koma ƙwallon ƙafa. Hajiya ta ga buhun ranar da take duba sito, ta tambaye ni na wane ne. Na ce ajiya ce. Ta ce in ɗora shi a kan katako kada sanyin ƙasa ya kama shi, na ɗora. Kwanan baya na ga ƙwari sun fara fitowa ta wajen ɗinkin.

Ban dafa ba, ban mayar ba, ban bayar ba. Inna za ta zo da azumi, kuma har yanzu ban faɗa mata ba.