Kati a Hannu, Babu Kuɗin Mota

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gidana a Baure, ni da yayata, ranar Litinin ɗin da ta wuce. Tun ranar Lahadi na ɗauko ta a babur daga Babban Mutum, inda take zaune tun rasuwar mijinta, saboda idonta ya kai ga sai ta laluba da ƙafa kafin ta gane bakin rijiya. Ita ta raine ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, shi ya sa har yau da nake malamin firamare mai furfura, Auta take kira na. A jakarta akwai katin inshorar lafiya da gwamnati ta yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi, da takardar likita ta tura ta wani asibitin ido a Katsina. Hankalina a kwance yake, tunda an ce mai kati ba ya biyan ko sisi.

A tasha direba ya jera mu yadda aka saba tun zuwan shari'a, mata a baya, maza a gaba. Da ya faɗi kuɗin mota zuwa Daura sai na sake tambayarsa, don na zaci har Katsina yake nufi. Ya ce, "Malam, in ka san gidan man da ke sayarwa a tsohon farashi, nuna min, in kai ka kyauta." Na biya ina salati.

Mu biyu aka cusa a kujerar mutum ɗaya, ni da wani dattijo makiyayi, dogo siriri, da sanda tsakanin gwiwoyinsa. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, fari fat kamar an ɗiga nono. Daga wata ruga ta kusa da iyaka ya fito, shanun da yake kiwo kuma na wasu ne. Shi ma asibitin idon za shi, katinsa na cikin 'yar jakar fata a wuya. Na tambaye shi ina ɗan rakiyarsa. Ya ce, "Kuɗin motar mutum ɗaya aka samu. In an kawo ɗan rakiya, to ni zan zauna a gida."

Damina ta yi kyau bana. Daga Baure har Zango gero ya fara fitar da kai, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa. Hanyar ce dai ba ta ji daɗin ruwan ba, ramuka sun cika taf, ba ka sanin zurfinsu sai ƙugunka ya gaya maka. A Daura muka sauka muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame har Yaya ta juya ɗaya a hannu ta ce shi ma ya kamata mu tafi da shi ya ga likita. Daga nan muka shiga wata motar, aka sake karɓar kuɗin da ya fi na farko, muka bi ta Shargalle da Mashi. Dattijon nan yana ta jan carbi.

Da hantsi muka isa. Asibitin tsaf yake, ma'aikatan kuma ba su yi mana wulaƙanci ba, gaskiya dai a faɗe ta. Muna zaune a benci wata ma'aikaciyar jinya ta fito da doguwar takarda ta fara kiran sunayen waɗanda aka ba ranar aikin ido a wannan makon. Ta kira suna, shiru. Ta kira na biyu, shiru. Sai can wani ya amsa, aka koma shiru. Tana kira tana haɗawa da garin mutum, ni kuwa duk na san garuruwan nan, namu ne: ƙauyukan Baure, na Zango, na Sandamu, na Mai'aduwa. Na matsa na tambaye ta ko rasuwa suka yi.

Ta ce, "Suna nan da ransu, Malam. Duk suna da kati, an biya musu aikin, gado na jiran su. Abin hawa ne babu. Kowane mako haka muke kira."

Ban yarda ba, na tafi tagar jami'in inshorar. Ya saurare ni da haƙuri, ya ce katin yana biyan ganin likita da gwaji da magani da aiki. Sannan ya nuna min ƙofar asibitin ya ce, "Daga can zuwa ciki namu ne. Abin da zai kawo mutum ƙofar, babu shi a tsarin da aka ba mu."

Ina dawowa na tarar da dattijon tsaye yana juya sandarsa. An ce ba za a yi masa aiki ba sai da wanda zai sa hannu ya kuma kula da shi, in babu ya koma gida ya zo da wani. Na karɓi biro. Ma'aikaciyar ta ce, "Mene ne tsakaninku?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Ɗana ne, tun daga Baure." Ta yi murmushi ta rubuta.

Sai bayan azahar aka kira Yaya. Likitan, matashi ne mai sanyin murya, ya daɗe yana haska idonta. Ya ɗauki takardar da ta zo da ita, ya dubi kwanan watan, ya dube ni.

"Malam, tun kakar bara aka rubuta wannan. Ina kuka tsaya?"

Wallahi na ɗauka ta makon jiya ce. Ya yi mana bayani cewa ciwonta ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, mai cin jijiyar gani a hankali. Na hagu ya riga ya mutu, ba aikin da zai dawo da shi. Da an zo a kan lokaci, da maganin ɗigawa ya tsare shi. Na dama za a iya ceto, in za ta riƙa zuwa duk bayan wata biyu.

A waje na zaunar da ita ƙarƙashin darbejiya, na tambaye ta. "Yaya, me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na tambayi wanda ya yi mana rajista ko katin zai biya mota, ya ce a'a. Kai kuma lokacin mai ɗakinka ta haihu, ga hidimar suna. Na ce bari ka numfasa tukuna." Ta gyara mayafinta. "Kada ka yi min kuka a gaban mutane, Auta. Ai da saura ɗaya."

Ragon da na yanka a sunan nan ya isa ya kai ta Katsina ya dawo da ita, ba sau ɗaya ba. Ta zo sunan, ta yi tuwo, ta yi wa jaririyar wanka, takardar na ƙulle a bakin zanenta.

Kwana biyu muka yi, Yaya a gidan wata 'yar'uwarmu, ni a asibiti. Ranar Talata aka yi wa dattijon aiki a ido ɗaya, Laraba da safe aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya ƙura min ido ya ce, "Ashe ɗan nawa ma tsoho ne." Duk ɗakin aka yi dariya, ni ma na yi, karo na farko tun Litinin.

A hanyar dawowa na roƙi matan da ke baya suka bar wa Yaya tagar dama, don ta ga gonaki. La'asar sakaliya muka sauka a Baure. Na tuna wa dattijon cewa likita ya ce ya dawo bayan mako shida a yi masa ɗaya idon. Ya ce, "Akuya ɗaya gare ni, ita na sayar na zo. Ido ɗaya ta kawo, alhamdulillahi." Na kwatanta masa makarantarmu, na ce ya same ni ranar, mu tafi tare. Ya ɗaga sandarsa sama da ƙasa, ya kama hanya yana kallon komai.

Jama'a, abin da tafiyar nan ta koya min ke nan. Katin alheri ne, na gan shi yana aiki da idona, amma wanda ya tsara shi a kusa da asibiti yake zaune. Mu da ke bakin iyaka, rabin jinyarmu hanya ce. Na kai maganar ga limaminmu da kwamitin zakka na unguwa, sun ce za su zauna, kuma zan rubuta wa masu tsarin ko Allah zai sa a ji. Kafin nan, duk mai tsoho a ƙauye kada ya tsaya ga "Yaya jiki?", don amsarsu ɗaya ce, da sauƙi. Ni ma wata tara ana gaya min da sauƙi.