Ranar da injin niƙana ya sha fetur

"Inna, miƙo hannunki," in ji makaniken da munka kira daga Kalgo. Ya ɗiga min gas, wato man dizal, a wanga yatsa, fetur a wancan. Ɗiyata ce ke rubuta min wannan.

Satin jiya gas ya yanke nan Dangoma, ga mata sun jera kwanonin gero. Sai ɗana Sahabi ya tsiyayo fetur daga babur nai ya ƙara wa injin niƙana, wai mai duk mai ne. Injin ya yi ta kuka, ya mutu.

Da makaniken ya ɗiga min man, na murza yatsun na ce, "Gas na da maiƙo, fetur ko har ya bushe."

Ya ce, "To maiƙon ga shi ke shafe famfon injin. Fetur wanke shi ya yi, ƙarfe ya ci ƙarfe. Sai an samo sabon famfo Birnin Kebbi."

Sahabi ya sunkuyar da kai. Ban ko iya yi mai faɗa ba, na gaji.

Matan sun kwashe kwanoninsu sun koma wata unguwa, kuma da injin nan nike ci. Ku gaya min, jama'a, in ya tashi, suna dawowa kuwa?