Ɓeran Keziah

A kan safa muka yi faɗa da Keziah Holroyd. Na shanya 'yar safar jikata a igiyar da muke haɗawa a bayan gida, na shiga ɗora ruwan shayi, na fito na tarar da igiya wayam. Ina leƙa ƙofarta sai ga safa a ƙafafun bayan wata kwikwiya mai kama da jiƙaƙƙen ɓera.

"Ke Keziah, mutuwar miji hauka take sa wa?"

"Aro na yi, Selina. In ta yi susa da farce gashin zai kakkarye."

"Wane gashi? Ai gwiwata ta fi ta gashi!"

Mun daɗe ba ma gaisawa. Safa dai ba ta dawo ba.

Keziah 'yar layinmu ce a gefen garin Halifax na ƙasar Ingila, tun tana yarinya take masaƙa. Aikinta ta shimfiɗa yadin ulu tana bin sa da yatsu, inda zare ya ƙulle ko ya tsinke ta gyara. Mace ce siririya, marar son magana, in ta ce a'a kuwa gara ka je ka lallashi bango. Mijinta Jabez masaƙi ne, amma ba da saƙa aka san shi ba. Da karnuka aka san shi, ƙananan nan masu kashe ɓeraye, waɗanda maza ke ɗorawa a kan teburin mashaya ran Asabar suna musun na wa ya fi gashi. Duk kwarin nan in an ga kare mai baya shuɗi kamar sabon ƙarfe, kai kamar zinariya, sai a ce irin Jabez ne.

Tarin ƙirji ya ɗauke Jabez, ya bar karyarsa da ciki. Ta haifi biyu, baƙaƙe wuluk da ɗan ja a baki da ƙafa, kamar yadda duk irinsu ke zuwa duniya. Ɗaya tuɓul-tuɓul, gashi cunkus, kowa ya gan shi sai ya ɗauka. Ɗayar kuwa gashinta tsilli-tsilli, kwance a fata kamar an lashe ta.

Jabez ya yi wa ƙanensa Amos alkawarin ɗaya, amma zaɓin farko na Keziah ne. Amos ya zo da hularsa a hannu.

"Matar yaya, ɗauki mai gashin mana. Ni ba zan cuci gwauruwa ba."

Keziah ba ta ko dube su ba. Ta runtse ido, ta murza gashin wannan, ta murza na waccan, yadda take yi wa yadi. Na mai ƙibar da ɗumi, yana maƙalewa a yatsa kamar ulu. Na 'yar ramammiyar da sanyi, yana zamewa.

"Wannan nake so."

Amos ya yi dariya har da buga cinya. "Ɓeran? To shi ke nan. Irin Jabez ya tashi daga gidan nan. Daga yau irin Amos za a riƙa cewa."

"Ka bari su girma, ƙanen miji. Tebur zai raba mu."

Abin da ya hana ta sakat ke nan. Jabez bai bar gida ba, bai bar gona ba, sunan nan kaɗai ya bari, ga shi ana shirin sa shi a aljihun wani.

Wahalar karen nan ita ce ba ya nuna kansa da wuri. A shekarar farko karen Amos ya cika ya batse, mata na tare shi a hanya suna shafawa. Ta Keziah kuwa sai ƙara muni. Kanta ya tashi daga baƙi ya koma ruwan toka dabbare-dabbare, kamar ta faɗa murhu. Sunan Ɓera ya bi ta har ita ma ta fara amsawa. Keziah na dawowa daga masaƙa, kafin ta wanke hannu, za ta zaunar da ita a cinya ta shafe ta da maiƙon ulun da ke tafinta, ta tsaga gashin daga wuya zuwa wutsiya, ta taje kowane ɓari. Ba a barin ta kusa da wuta, ba a barin ta cikin ciyawa.

Wata Lahadi bayan coci ta ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninmu. Na shiga ina cika ina batsewa. Ta buɗe tsagar bayan Ɓera da yatsa biyu.

"Dubi gindin gashin."

Bakinsa baƙi ne, amma can wajen fata ya fito shuɗi, yana ɗaukar ido. Ta buɗe na kai, gindinsa ruwan zuma.

"Daga ciki yake sakewa," in ji ta. "Baƙin nan tsohon kaya ne, zai sauka."

Haka kuwa aka yi, sai dai a hankali. Shuɗin ya fara daga wuya yana gangarawa, kan ya washe ya koma zinariya, gashin ya miƙe samɓal har yana sharar daɓe. Na Amos ya tsaya a baƙinsa, gashin ya dunƙule, kullum matarsa na yanke ƙulli da almakashi tana tsaki.

Ranar tebur Keziah ta sa baƙar rigarta ta coci. Mata ba sa shiga mashayar nan, amma na ce in ga wanda zai hana mu.

"A'a, yau kuma wanki aka kawo mana?" in ji wani da ya hango safa a ƙafar Ɓera.

"Bakinka muka zo wankewa," na ce. "Matsa."

Amos ya riga ya ɗora nasa, an shafa masa mai yana ƙyalli. Keziah ta zare safar, ta ajiye Ɓera, ta bi tsagar da mataji sau ɗaya. Gashi ya zubo dama da hagu kamar ruwa. Tsoho Enoch Sugden, wanda maganarsa ce yanke a teburin, ya sa bayan hannu ya taɓa na Amos, ya taɓa na Keziah.

"Wancan tunkiya ce," ya ce. "Wannan kuwa Jabez ne ya dawo."

Amos ya yi ta murza hula. Can ya ce, "Matar yaya, in ta haihu dai a tuna da ni."

"Za a tuna. Amma ni zan zaɓar maka."

Sunan bai ƙara motsawa daga gidan ba. Ɓera ta hayayyafa, ta tsufa, shuɗin ya koɗe ya koma azurfa, zinariyar ta yi fari-fari kamar tsohuwar ciyawa. Kan Keziah ma haka, in suna zaune a bakin ƙofa sai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

Da idon Keziah ya mutu, 'yarta ta zo ɗaukarta zuwa garin Bradford, inda mai gidan haya ba ya son kare. Keziah ta rarraba karnukanta, ta kira ni kan kwandon jikokin Ɓera.

"Zaɓi, Selina. Amma kada a ce irin Selina."

Na runtse ido na murza, na murza, na ɗago wadda ta fi kowacce muni, mai sanyin gashi. Keziah ta laluba ta, ta gyaɗa kai.

Amalanke na jira a waje. Na ce, "Je ki, Keziah, irin Jabez za a ce har in mutu. Amma miƙo safar jikata, yanzu ni ke da bukatarta."