Baba Mai Awo da Injin Kwale-kwalen Kawuna

Kullum da hantsi za ka same shi a rumfarsa ta bakin ruwa, ya shimfiɗa buhu a kan benci, ya jera sifana da filaya da mitar gwada batir, shayinsa na hucewa a gefe don ya manta da shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Da injinan fetur ya fara. Da ƙananan injinan lantarki suka shigo, waɗanda ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale su tura shi sannu a hankali ba tare da sun firgita kifi ba, sai ya zauna ya koye su ciki da waje. Masunta na kiransa Baba Mai Awo. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don idanunsa sun yi rauni.

Halinsa ne ya jawo masa sunan. In ka zo neman inji, ba zai nuna maka ko ɗaya ba sai ya ga jirginka a kan ruwa, da taru da komai, kai kuma kana zaune inda ka saba zama. Sannan ya naɗe wando ya shiga, ya auna daga katakon baya zuwa fuskar ruwa, don ya san tsawon ƙarfen da zai sa farfela ta nutse sosai. Masu gaggawa sun sha yi masa tsaki. Wani ya taɓa cewa, "Baba, inji fa na zo saye, ba ɗinkin riga na kawo ba." Ya ce, "Riga in ta yi maka kaɗan a gida za ka gane. Wannan a tsakiyar ruwa za ka gane."

Ni abin da na gani da idona shi zan faɗa. Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hannun dama bai dawo ba, tuƙi da filafili ya gagare shi. Dangi suka zauna suka yanke cewa a sayar da jirginsa na kamun kifi, su za su riƙa kai masa cefane. Na ga fuskarsa a ranar, na ji tausayinsa har cikin raina. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa miƙa hannu ba. Ya ce a bar shi ya gwada inji, in abin ya ƙi, a sayar.

Na raka shi rumfar. Kawu ya nuna mafi girma a cikin injinan da ke rataye, ya ce shi yake so.

Baba Mai Awo ya ce, "Malam, wancan batir biyu yake ci. Wa zai riƙa ɗaukar maka su daga gida zuwa bakin ruwa?"

"Kai ma raina ni za ka yi, Baba?"

"Wallahi ban raina ka ba. So nake ka riƙa fita ba tare da ka jira kowa ba."

Kawu ya sunkuyar da kai. Washegari aka tura jirgin ruwa, Baba Mai Awo ya shiga har ƙugu. Ya auna, ya sake aunawa, don ya lura yanzu Kawu na karkata hagu in ya zauna, jirgin kuma yana bin sa. Ya zaɓi ƙaramin inji mai batir ɗaya, mai mariƙin da ake jawowa ya ƙara tsawo. Ya matsar da wurin ɗaurin zuwa inda hannun hagu zai kai ba tare da an juya baya ba, ya ajiye batirin a dama don nauyi ya daidaita. Kwana huɗu yana barin rumfarsa ya shiga jirgin tare da Kawu. Rana ta biyar ya tsaya a tudu ya ce, "Je ka." Ni da shi muka tsaya muna kallo har jirgin ya ƙanƙance.

Baba, kai ne wanda yake duban mutum kafin ya dubi kaya. Da ka ba Kawu babban injin nan, babu mai zargin ka, shi ya nema da bakinsa, da kuma yanzu jirgin yana hannun wani. Ba ka da lambar yabo, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma gidaje da yawa a bakin ruwan nan sun san abin da ka yi musu. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu shagunan da za su ci gaba bayansa, don Allah ku riƙa tambayar wanda zai riƙe injin kafin ku sauko da shi daga ƙusa.

Da na gaya wa Kawu zan rubuta wannan, na tambaye shi ko yana da saƙo. Yana ɗinkin taru da hannu ɗaya, ya danne zaren da yatsan ƙafa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ka gaya masa har yau ni nake ciyar da gidana."